Barewar da Muka Raba da Diloli

Bana ruwa ya yi wa Manchester rowa. Garin da ko shanya ba ka isa ka yi ka juya baya ba saboda yayyafi, sai ga shi sati yana bin sati sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Ciyawar filin wasan yara da ke bayan layinmu a Levenshulme ta koma ruwan ƙasa, in ka taka tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen karan dawa. An hana ba shuka ruwa da tiyo. Ni da nake da ’yan bokitan alayyafo da tumatir a tsakar gidanmu mai faɗin tabarma biyu, sai na koma tara ruwan wankin shinkafa da na alwala ina zuba musu da kofi. Maƙwabtana Turawa murna suke yi, kowa ya fito da kujera ƙofar gida yana shan rana. Ni kuwa tun da na ga launin ciyawar nan gabana yake faɗuwa. Firij a cike yake, shagunan Stockport Road ba abin da babu, amma da safe sai in tsinci kaina a bakin taga ina duban gabas kamar mai gona.

Wata Asabar da hantsi ’yata Safiyya ta kira ni daga Birmingham. Tana jami’a a can, su huɗu suke haya a wani gida a Selly Oak, bayansa titin jirgin ƙasa ne da ’yar duhuwar bishiyoyi.

"Umma, kina ji na? Akwai fox guda biyu a bayan garden ɗinmu, sun kama wata ƙaramar deer. Umma, cin ta suke yi!"

Hausarta ta haihuwar nan ce, rabi da rabi. Ta juya mini kyamarar wayar. Ta ramin katangar katako na hango su. Su a nan fox suke cewa, ni dai dila na sani, ko da yake na nan sun fi ja da kaurin wutsiya. Barewar ’yar ƙarama ce, ba ta fi gada ba, tana kwance a gefen busasshen kwatami, ɗaya yana jan ta ta cinya.

"Kamar tana motsi. Ko idona ne? Umma, ki duba mana, motsi take yi?"

Na duba. Maimakon amsa, na ce ta bubbuga murfin tukunya ta kore su, ta kira masu kula da dabbobi. Kafin su iso dilolin sun ja abinsu cikin duhuwa. Mutumin da ya zo ya gaya mata ƙishi ne yake koro bareyi cikin gari bana, kuma lokacin harbinsu ne a gonakin bayan gari, wadda aka jikkata ta tsere sau da yawa dila ne yake ƙarasa ta. Safiyya ta yi ’yar ƙwallarta, da yamma ta tafi laburare. Ni ce tambayarta ta zauna wa a ƙirji, domin an taɓa yi mini irinta, shekara arba’in da wani abu da suka wuce, kuma a lokacin na ba da amsa.

Ina ’yar shekara goma sha biyar, ina makarantar kwana ta ’yan mata, aka ba mu hutu ana tsakiyar bazara. Damina biyu a jere ta yi gardama a ƙauyenmu da ke gabas da Kano. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya ƙone a tsaye. A makaranta muna ƙorafin wake mai ƙwari da tuwon da ba ya dahuwa. Ranar da na sauka daga motar kasuwa na shiga gidanmu, na ga wuyan Innarmu, na ga yadda zani yake zagaye ta har sau biyu, na daina ƙorafin abinci har yau.

Yini a shekarar nan tsari ɗaya gare shi. Ana idar da sallar asuba mata za su ɗau tuluna su nufi rijiyar bakin fadama, ita kaɗai ta rage. A jefa guga, a ji ya bugi ƙasa, a jawo rabinsa laka. Sai a zauna a jira ruwa ya sake tsattsafowa, ba mai hira, sai ƙarar igiya a bakin itace. In rana ta ɗaga, a ajiye tulu a ɗau tsintsiya da masaki a shiga daji sharar ƙarangiya. Ƙarangiyar nan da muke zagi in ta maƙale mana a zani, ita ta zama hatsinmu. A sharo ta, a daka a turmi, a sheƙe, ƙayarta ta cika hannu da ido, masaki guda ya ba ka tsabar da ba ta cika ƙoƙo ba. A haɗa da dusa a dama kunu. Yara su tsotsi aduwa da goruba su yaudari ciki har la’asar, lokacin da ake cin abinci sau ɗaya tak. Zafi kuwa ba a magana. Da azahar ko kaji, kafin su ƙare, buɗe baki suke yi su kwanta a gindin randa. Bangon ɗaki in ka jingina sai ka ji kamar murhu.

Akwai wata tukunya a ɗakin Baba da aka liƙe bakinta da laka. Irin gero ne a ciki. Kowa a gidan ya san inda take, kuma ba wanda yake kallon wajen.

Inna ta haihu kwana ashirin kafin zuwana. Namiji ne, aka sa masa Habu, liman ya raɗa suna ba rago ba taro. Ba ta samu wankan jego yadda ya kamata ba don ba ruwa, ba kunun kanwa, ba romon ƙauri. Nononta ya ƙafe. Habu ya kama ya tsotsa ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. A satin farko da na zo kukansa yana cika gida. A sati na biyu ya koma kamar na ɗan mage, sai ka kasa kunne. Ungozoma ta zo ta taɓa maɗigarsa, ta ga ta lotsa, ta dubi Inna ta ce, "Ba yaron ne ba shi da lafiya ba, ke ce ba ki ci ba. A samo miki romo, ko na mene ne."

Babanmu manomi ne da damina, maharbi da rani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. A shekarun ƙoshi, da an gama girbi ake buga gangar farauta, maza su fita da karnuka da gora, su dawo da zomaye da gada da zabin daji. A shekarar nan ba a buga ganga ba. Karnuka sun mutu, har da na Baba. Namun dajin da ba su yi kudu ba sun rame sun yi wayo. Su kuwa diloli yunwa ta cire musu tsoro, suka daina jiran duhu, suna yawo tsakar rana. Kuma sun koyi wani abu da ba a san su da shi ba. Sun gane ƙarar bindiga. A da in an yi harbi gudu suke yi. Yanzu harbi ya zama musu kiran abinci, da sun ji sai su nufo wajen, don sun san ko dai akwai kayan ciki da za a bari, ko akwai wadda aka jikkata tana gudu da jini.

A nan matsalar take. In maharbi ya yi bisimilla ya harba, harbin ya kashe dabba, ta halatta. In ta gudu da rauni dila ya riga ka ya ƙarasa ta, ta zama mushe. Sai fa in ka tarar da sauran rai a jikinta ka yanka. Kwana huɗu kafin ranar da nake ba da labari, Baba ya harbi gada, ya bi ta, ya tarar diloli sun buɗe mata ciki ta sandare. Ya baro ta a can ya dawo hannu rabbana. Ina tankaɗe a bakin ɗaki na ji Inna tana ce masa a hankali, "Malam, ashe larura ba ta halatta abin da aka hana ba?"

Ya ce, "Larura ta wanda ya ga mutuwa da idonsa ce. Mu da sauranmu."

Inna ta dubi Habu a cinyarta kawai, ta gyara masa tsumma.

Da la’asar ɗin wata Laraba Baba ya kira ni zaure. Yana zaune yana goge bindigarsa ta toka, irin wadda ake ɗura wa albarushi da gutsattsarin dalma ta baki, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Ya ce in zauna.

"Uwata, zan gaya miki abin da ko Innarki ban gaya wa ba. Idona ya fara cin amanata. Yana ce take rufe shi. Ina ganin dabba kamar inuwa, amma sawu a ƙasa, ko ɗigon jini, ba na gani. Gadar nan da na rasa, ba gudu ta fi ni ba. Yini na yi ina zagaye wuri ɗaya."

Mutumin da ake cewa yana gane sawun kunama a kan dutse.

"Albarushin da ya rage na ɗuri ɗaya ne," in ji shi. "Akwai barewa da take zuwa gurbin ƙorama da sassafe, na ji warinta, na taɓa kashinta. Ni zan harba. Ke za ki zama idona."

Mace ba ta zuwa farauta a garinmu, balle budurwa. Inna ta ce, "Malam, bakin mutane fa?" Ya ce mutane kowa ta cikinsa yake yi. Ta ɗaura mini ɗankwalinta da hannunta, ta cika mana gora da ruwan da ya kamata ta sha.

Muka fita ana sallame asuba. Kafin gari ya gama wayewa mun isa ƙoramar, wadda ta zama rairayi zalla sai wani ɗan gurbi da namun daji suka tona, ƙasarsa da damshi. Muka durƙusa bayan wata sabara, iska tana busowa daga gurbin zuwa gare mu, yadda Baba ya so. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba. Rana ta fara leƙowa sai ga ta. Ta fito daga cikin geza tana taku ɗaya tana tsayawa, kunnuwa a miƙe, haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa. Ban taɓa ganin barewa da rai kusa haka ba. Ta sunkuya tana lasar damshi.

Na kai bakina kunnen Baba. "Ga ta. Dama da kututturen nan, kamar taku ashirin. Ta ba mu gefenta na hagu."

"Kanta ina yake duba?"

"Gabas."

Ya ɗaga bindiga a hankali, na ji yana bisimilla a ƙasan maƙoshi. Ƙarar ta toshe mini kunne, hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe na hango ta ta faɗi, ta tashi, ta yi tsalle da ƙafa uku ta shige geza.

"Ta faɗi?"

"Ta tashi, Baba. Ta gudu. A kwiɓi ka same ta, wajen cinya."

Muna tsaye sai muka ji kuka daga arewa, siriri, mai tsawo. Wani ya amsa daga bayan tudu. Baba ya rataya bindigar da ta zama sanda, ya ce, "Sun ji. Mu tafi."

Yana tafe yana koya mini. In duba jinin, ja ne mai haske ko mai duhu? Mai duhu ne. A ƙasa yake ɗiga ko a ganye yake shafa? A ganye, daidai gwiwata. Kofato uku ne suke nitsewa, na huɗu yana jan layi? Haka ne. Ya ce za ta yi nisa, amma za ta nemi inuwa ta kwanta in rana ta take. Na riƙe bakin sandarsa ina gaba yana biye, kamar ɗan jagora, abin da ya sa na dinga waige kada wani ya gan mu.

Da hantsi ya ɗaga, a wani wuri mai laushin ƙasa, na ga wani sawu a kan nata. Ƙarami, mai farata huɗu. Na ga na biyu a gefensa. Na tsaya.

"Mene ne?"

"Sawun kare ne, Baba. A kan nata."

"Ba kare a dajin nan. Guda nawa?"

"Biyu. Ko uku."

"Sun riga mu shiga layi ke nan. Ba za su far mata ba tana tsaye, jira za su yi ta kwanta. Ɗaga ƙafa, Uwata."

Rana ta hau tsaka. Takalmin robana ya yi laushi, rairayi yana shiga yana ƙona mini tafin ƙafa. Kawalwalniya tana rawa a gabanmu kamar tafki. Ruwan gora ya yi zafi kamar na shayi, muna kurɓa muna riƙewa a baki kafin mu haɗiye. Cikina da bai ga komai ba tun kunun jiya ya daina kuka, ya koma wani irin jiri da yake sa ƙasa ta matso ta ja baya. Sai muka fito kan fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe, sawu ya ɓace ɗungurum. Na zagaya, na sake zagayawa, na durƙusa ina rarrafe. Babu. Hawaye ya cika mini ido ya ƙara rufe mini gani. Ina ta cewa a raina, ɗuri ɗaya ne, kuma ni ce ido.

"Kada ki nemi sawu," in ji Baba. "Nemi ƙuda."

Na ɗaga kai. Can gaba kaɗan, a kan wani ɗan dutse, ƙudaje sun taru. Na kore su, ga ɗigon jini ya bushe baƙi. Gaba da shi wani. Muka ci gaba.

Muna tsallake fakon Baba ya tsaya ya ɗaga fuska sama, ya ji inda rana take a goshinsa. Ya ce azahar ta yi. Na zaci wasa yake yi. Ya jingina bindiga, ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama, ya ce in juya shi alƙibla. Na juya shi. Ya ta da kabbara. Ban taɓa jin haushin mahaifina ba sai a wannan tsayuwar. Raka’a huɗu, bai gaggauta ko ɗaya ba. Ni ma na yi tawa a bayansa, amma Allah ya sani ban san me na karanta ba, domin ina ɗagowa daga ruku’u na hango ungulaye uku suna kewaya sama can gabanmu, suna saukowa a hankali.

Yana sallamewa na ce, "Baba, ungulu."

"Sun sauka?"

"Suna kewayawa."

"To ba ta mutu ba, ko kuma akwai wanda ya hana su sauka." Ya miƙe da ƙyar. Ya miƙo mini sandarsa. "Ruga. Kada ki jira ni. In kin isa ki yi ta kira, zan bi muryarki."

Na bar makahon uba a tsakiyar daji ba sanda, na ruga. Ƙaya tana yagar zanina, numfashi yana yanka mini ƙirji. Na haura wani ɗan tudu, sai ga su a gindin wata aduwa. Uku ne. Ramammu, gashinsu ya zube wuri-wuri. Barewar tana kwance a gefenta, wuya a miƙe. Ɗaya ya kafa kai a cinyar da aka harba yana fizga, ɗaya yana lasar ƙasa, na ukun yana tsaye yana kallona da baki ja.

Ban san ina da irin muryar nan ba. Na yi kururuwa na afka musu ina wulwula sanda. Na jefi ɗaya da dutse na same shi a kafaɗa. Suka ja da baya, amma ba gudu suka yi ba. Taku goma suka yi, suka zauna a kan gindinsu, harshe a waje, suna jira. Na tsaya a kan barewar, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ina kiran Baba ina kiran Baba har muryata ta dishe.

A lokacin da na iso, na ga kunnenta ya kaɗa. Wannan na gani. Amma dilan yana fizgar ta a lokacin, duk jikinta yana girgiza. Bayan sun sake ta na zuba mata ido. Idonta a buɗe yake, baƙi wuluk, da ’yar ƙasa a gefensa. Ƙuda ya sauka kusa da shi. Na ga kamar fatar idon ta motsa. Ko ƙudan ne ya motsa? Na ga kamar cikinta ya ɗaga. Ko jirina ne? Na sa hannu a hancinta, iskar bazara mai zafi tana busawa ta ko’ina, ban iya rarrabewa ba.

Ban san tsawon lokacin da Baba ya ɗauka ba. Na hango shi yana tahowa hannuwa a gaba, ya faɗi, ya tashi, goshinsa ya fashe. Ya iso ya durƙusa, ya lalubo wuyanta, ya juya ta alƙibla. Ya zare wuƙa. Ya ɗora tafin hagunsa a kan haƙarƙarinta, ya danna. Sannan ya ɗago farin idon nan nasa wajen da yake jin numfashina.

"Uwata, ta motsa?"

Na dubi barewar. Na dubi dilolin. Kukan Habu na jiya, wanda sai an kasa kunne, shi ne ya cika mini kai.

Na ce, "Ta motsa, Baba."

Ya yi bisimilla ya yanka. Jini ya fito, ba tsartuwa ya yi ba, gangarowa ya yi a hankali ya shige rairayi. Bai tambaye ni yadda ya fito ba, ni ma ban faɗa ba.

Muka feɗe ta a nan. Ya sa na nuna masa duk inda haƙori ya taɓa, ya yanke cinyar gaba ɗaya har da kewayenta, ya haɗa da kayan ciki ya jefa musu. Suka far wa rabonsu suna faɗa da juna, ungulaye suka sauko. Sauran muka naɗe a fatar, na yi gammo na ɗauka, shi ya riƙe gefen zanina. Ɗaya daga cikinsu ya biyo mu daga nesa har muka hango rumbunan gari. Duk waigen da na yi yana nan.

Mun shiga gida rana tana gab da faɗuwa. Inna ta ga kayan, ta ga goshin Baba, ta rufe fuska da mayafi. Ni na zaci za a rufe ƙofa a ci a ɓoye. Baba ya ce a kawo faifai. Ya kasa naman tsoka-tsoka, ya aika gidan ungozoma, gidan maƙwabta biyu masu ƙananan yara, da gidan liman. Ina tsaye ina kallon ƙoƙon da aka nufi gidan liman da shi. Magana ɗaya na yi a daji, ga ta tana shiga tukwanen unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Aka dafa romo da gishiri da ’yar daddawa. Ƙamshin ya sa ƙannena mata biyu zama a bakin murhu ba ƙiftawa. Baba ne ya fara sa hannu, ya ci tsoka ɗaya, ya ce Inna ta sha romon tun da zafinsa. Na yi niyyar in ce na ƙoshi. Da aka miƙo mini, na cinye har ina tauna ƙashi, kuma ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Wannan daɗin ya fi komai damuna daga baya.

Ragowar aka yanyana aka shanya a kan igiya, ana jefa wa Inna kaɗan-kaɗan a kunu. A kwana na uku da safe na ji wata ƙara daga ɗakinta, ƙwat, ƙwat. Habu ne yake haɗiya. Bayan sati uku hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe mana rufin akurki, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shiga har cikin ƙashi. Washegari Baba ya fasa lakar bakin tukunya, irin yana nan cif, muka fita shuka, shi yana sara da sungumi ni ina jefawa ina takewa. Yunwa ba ta tafi a ranar ba, sai da muka ci tafasa da rama har tumu ya nuna, amma ba wanda aka fitar daga gidanmu. Habu yanzu malamin makaranta ne, ’ya’yansa biyar, ya fi kowa ƙiba a danginmu.

Ni kuwa na koma makaranta da abina a ciki. Na yi karatun jinya, na koyi taɓa jijiya, na koyi sa madubi a hanci, na koyi duk hanyoyin da ake gane rai ya fita ko yana nan, kuma kowace na koya sai in mayar da ita gindin aduwar nan in gwada, ba ta ba ni amsa. Malamai nawa na zauna gabansu, ban taɓa tambaya ba, don ina tsoron abin da za su ce. A nan in na shiga shagon mai nama, takardar halal tana manne a bango, naman a wanke a jere cikin gilashi. Safiyya ko alewa za ta saya sai ta karanta bayan leda. Ina kallonta ina jin daɗi, ban taɓa ce mata komai ba.

Sai da zan taho ƙasar nan wajen maigidana na je sallama da Baba. Ya tsufa, idon ya rufe gaba ɗaya, yana zaune a zaure kan buzu yana jan carbi. Na zauna a gefensa, muka gaisa, ya yi mini addu’a. Na tashi zan tafi, na sake zama.

"Baba, akwai abin da nake so ka yafe mini. Barewar shekarar fari. Da ka tambaye ni ko ta motsa."

Carbin ya tsaya.

"Ban sani ba, Baba. Har yau ban sani ba. Na ce ta motsa ne kawai. Na ciyar da kai, na ciyar da liman."

Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Tafina yana kan haƙarƙarinta, Uwata. Na ji bugu. Amma na yi gudu, na faɗi, jinina yana harbawa har cikin yatsu. Ban san ko zuciyarta nake ji ba ko tawa." Ya numfasa. "Da na tabbata ta mutu, da ban tambaye ki ba. Da na tabbata tana da rai, da ban tambaye ki ba. Na kasa ɗauka ni kaɗai ne, na miƙa wa yarinya rabi. Ni ya kamata in nemi gafararki, shekara nawa ina neman bakin da zan fara."

Kuka nake yi kamar ’yar goma sha biyar ɗin.

"Wuƙa a hannuna take," in ji shi. "In an tambaya gobe, ni zan amsa. Ke ki ce Babanki ne ya aike ki. Tashi, kada mota ta tafi ta bar ki."